Masu jinya a dajin Burma: tambayoyi da amsoshi kan aikin ma'aikatan lafiya na soja, 1943 zuwa 1945

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, an kwashi sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 zuwa Indiya da Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar, domin su yaƙi Japanawa. Fiye da rabinsu 'yan Najeriya ne, kuma yawancin masu riƙe da bindiga daga Arewa aka ɗebo su. Ana yawan ba da labarin gumurzun da suka yi, amma ba kasafai ake jin na mutanen da ke biye da su da bandeji da ƙwayoyin magani da gadon ɗaukar majinyaci ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Su wane ne waɗannan ma'aikatan lafiya, kuma da wace runduna suka tafi?

Manyan rundunoni biyu aka tura daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. An haɗa ta 81 a Najeriya a watan Maris na 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Christopher Woolner, ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan da ke yammacin Burma daga ƙarshen wannan shekarar. Ta 82 ta biyo baya, ta fara yaƙi a Disambar 1944. An kuma ware birged ta 3, mai bataliya uku ta 'yan Najeriya, aka ba dakarun Chindit na Orde Wingate, masu kutsawa bayan layin abokan gaba.

Kowace bataliya tana da likita ɗaya, hafsa, kusan kullum Bature. A ƙarƙashinsa akwai saje da kofur-kofur da diresoshi 'yan Afirka, sai masu ɗaukar waɗanda aka jikkata. Bayan waɗannan akwai rukunin asibitin tafi-da-gidanka da ke bin kowace birged. Da yake ana bukatar wanda ya iya karanta sunan magani da rubuta katin majinyaci da boko, yawancin diresoshin 'yan Kudu ne da suka yi makarantar mishan. Sai ka tarar likita Bature ne, diresa Bayarabe ko Ibo, majinyaci kuwa Bahaushe ko Babarbare ko Tibi, ana harhaɗa bayanin inda ke ciwo da Hausar bariki da nuni da hannu.

Harsashi ne ya fi kwantar da soja, ko cuta?

Cuta ce, kuma tazarar ba kaɗan ba. Janar William Slim, kwamandan Runduna ta 14 ta Birtaniya wadda sojojinmu ke ƙarƙashinta, ya rubuta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe daga fagen daga saboda rauni, an kwashe 120 saboda rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, sai atini, sai cututtukan fata, sai wani mugun zazzaɓi na cikin ciyawa. Zuwa 1945 an sauko da lissafin zuwa wajen marasa lafiya 10 a kan kowane mai rauni ɗaya.

Wannan saukowar ita ce babban aikin ma'aikatan lafiya a yaƙin Burma, kuma yawancinsa aiki ne marar armashi: haƙa masai da rufe shi, zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, ƙone shara, duba ƙafafun sojoji ɗaya bayan ɗaya, da tsayawa a kan mutum har sai an ga ya haɗiye ƙwaya. Ba a ba kowa lambar yabo don ya haƙa salga. Amma bataliyar da ta yi sakaci da salgarta, cikin makonni kaɗan gudawa ke cinye ta, ko da ba ta yi ido huɗu da Bajapane ko ɗaya ba.

Me ya sa dajin ya yi tsanani haka? Ba an ce an zaɓi 'yan Afirka don sun saba da daji ba?

Haka Turawan da suka tsara tafiyar suka ɗauka, kuma zato ne na wanda bai san ƙasar da yake mulka ba. Mutumin Katsina ko Gumel ko Zabarma ya tashi ne a fili, inda ake hango raƙumi daga nesa. Kungurmin dajin gora da duwatsu masu santsi na Arakan baƙon abu ne a wurinsa kamar yadda yake ga ɗan Landan.

Sannan ga ruwa. Gaɓar Arakan na samun ruwan sama da ya kai milimita 5,000 a shekara, fiye da ninki biyar na abin da Kano ke samu, kuma kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba. Tufafi ba sa bushewa, takalmi na ruɓewa a ƙafa. Ƙaramin ƙwarzane na ƙaya sai ya zama gyambo mai cin nama. Matsattsaku na shiga ta ramin igiyar takalmi, in aka fizge shi da ƙarfi wurin ya yi ta zubar da jini ya rikiɗe ya zama miki, shi ya sa ake koya wa soja ya sa masa gishiri ko wutar taba ya faɗo da kansa. Makero da ƙaiƙayin matsematsi da ƙurajen zafi kuwa kusan ba wanda ya tsira daga gare su.

A gefe ɗaya dai zaton Turawan ya yi daidai. Wanda ya girma da sauro jikinsa na da ɗan kariya, don haka zazzaɓin bai kayar da sojojin Afirka ta Yamma kamar yadda ya kayar da Turawa da Indiyawa ba. Sai dai su ma sun tafi da nasu: tsargiya, da kurkunu wadda ke yin kusan shekara a jiki kafin ta ɓullo. Mutum ya sha ruwan kududdufi a ƙauyensu kafin a ɗauke shi soja, sai kurkunun ta fito masa a ƙafa yana tsakiyar dajin Asiya, diresa ya zauna yana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kowace rana, daidai yadda za a yi masa a gida.

Yaya aka yi da zazzaɓin cizon sauro?

Matsalar ta soma ne a Maris na 1942, lokacin da Japan ta kama tsibirin Java, inda ake samar da kusan kashi 90 cikin 100 na kwinin ɗin duniya. Dole aka koma ga wani maganin da aka haɗa a masana'anta, mefakirin, 'yar ƙwaya rawaya mai ɗacin gaske. Wani likitan sojan Ostireliya, Neil Hamilton Fairley, ya yi gwaji a garin Cairns a kan sojoji 'yan sa-kai, ya tabbatar cewa ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 kowace rana, ba fashi, tana hana zazzaɓin tashi.

Maganin na aiki, shan sa ne rigima. Yana mai da fatar Bature rawaya, yana tayar wa wasu zuciya, sannan jita-jita ta bazu cewa yana kashe mazakuta. Duk wanda ya san maza ya san abin da wannan magana za ta haifar: sai a ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, saje na juya baya a tofar. Akwai kuma waɗanda suka gane cewa zazzaɓi hanya ce ta barin bakin daga zuwa gadon asibiti a Indiya.

Slim ya ɗauke alhakin daga kan likita ya ɗora wa kwamanda. Aka mai da shan ƙwaya fareti: a jera sojoji, a sa wa kowa a baki, ya kora da ruwa, ya buɗe baki a duba. Aka riƙa kai samame ba sanarwa ana gwada jinin bataliya gaba ɗaya, in aka samu waɗanda maganin ke jikinsu ba su kai kashi 95 cikin 100 ba, a tsige kwamandan. Slim ya ce uku kawai ya tsige, sauran suka shiga taitayinsu. Aka haɗa da dokar sauke hannun riga da sa dogon wando kafin magariba, da gidan sauro, da feshin DDT daga 1944.

Dabara ta ƙarshe ita ce ta toshe wa masu neman hutu hanya. Aka kafa asibitocin zazzaɓi na tanti 'yan mil kaɗan bayan bakin daga. A da, wanda zazzaɓi ya kama sai an kai shi can cikin Indiya, ya yi wata biyar kafin ya dawo, wani ma ba ya dawowa. Da aka kafa waɗannan, cikin mako uku mutum ya koma bataliyarsa.

Mene ne wannan zazzaɓin cikin ciyawa?

Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne ke kawo shi, dangin kaska, da ido da ƙyar yake ganinsu, suna zaune a ciyawa da gonakin da aka bari suka koma saura. Inda suka ciji mutum yakan yi baƙin ɓawo, bayan kwana goma ko makamancin haka zazzaɓi mai zafi ya rufe shi da ciwon kai da ruɗewa. A wasu wuraren yakan kashe ɗaya cikin goma ko fiye. Rundunar Afirka ta Gabas ta 11 ta sha fama da shi a kwarin Kabaw a daminar 1944.

A lokacin ba shi da magani, sai a 1948 aka gwada wanda ke warkar da shi a Malaya. Abin da ake iya yi shi ne jinya zalla: a juya majinyaci, a shafe shi da ruwa, a ɗura masa abin sha cokali-cokali dare da rana har mako biyu ko uku. A nan hannun mai jinya ya fi ilimin likita tasiri, shi ya sa aka matso da nas-nas mata na sojan Birtaniya zuwa asibitocin da ke kusa da daga. Rigakafinsa kuwa shafa wani mai ne a tufafi da hana sojoji kwanciya a cikin ciyawa.

In harsashi ya sami soja, me ke biyo baya?

Kowane soja na ɗauke da bandeji a naɗe cikin aljihu na musamman, kuma ƙa'ida ita ce a yi masa amfani da nasa, mai taimako ya bar nasa don kansa. Masu ɗauka su rarrafo su ja shi zuwa wurin likitan bataliya, wanda sau da yawa rami ne ko gindin dutse 'yan ɗaruruwan taku daga inda ake harbi. A nan ake tsayar da jini, a barbaɗa hodar salfa a raunin, a ɗaure karaya da ƙarfe ko tsagin gora, a yi allurar mofin. Sai a rubuta harafin M da lokaci a goshinsa, kada na gaba ya ƙara masa wata allurar ta kashe shi, a ɗaura masa kati a riga mai bayanin abin da aka yi.

Daga nan sai tashar ɗaurin rauni ta gaba, sai babbar tasha inda ake iya ƙarin ruwan jini, wanda ake kawowa a busasshe cikin kwalba a dama shi da tsabtataccen ruwa. Sai asibitin tantancewa mai likitocin tiyata, sai babban asibiti a wurare irin su Chittagong da Comilla. Likitocin sun koyi kada su ɗinke raunin yaƙi nan take a wannan yanayi. Sukan yanke mataccen nama, su bar wurin a buɗe, sai bayan kwanaki a ɗinke, don rufe shi da wuri na jawo ruɓa. Penisilin ya fara isowa a 1944, kaɗan-kaɗan, ana tattalinsa.

Duk wannan tsari a takarda yake da kyau. Abin da ke yanke hukunci shi ne awa nawa za a ɗauka kafin a kai mutum gaban mai tiyata, musamman in a ciki aka harbe shi.

To ta yaya ake fitar da mutum daga dajin da ba hanyar mota?

A kafaɗa, da farko. Mutum huɗu ke ɗaukar gado ɗaya a fili, a kan tudu mai taɓo kuwa sai an sami takwas ko fiye suna karɓeɓeniya, wani wurin ma sai an sassaƙa matakala a jikin tudun da adda. Gadon kansa sau da yawa gora biyu ce da bargo.

A nan rundunonin Afirka ta Yamma suka bambanta da saura. Maimakon motoci da alfadarai masu yawa, an ba su rukunonin 'yan dako, sojoji ne da kaki amma yawancinsu ba bindiga, suna ɗaukar harsasai da abinci da akwatunan magani a ka. In an yi artabu su ne ke komawa masu ɗaukar majinyata. Ana harbinsu kamar kowa, ba su da abin ramawa, kuma a ganina su ne aka fi zalunta wajen rubuta tarihin wannan yaƙi.

Runduna ta 81 ta sare hanyar jif mai tsawon kusan mil 75 da hannu zuwa cikin Kaladan, amma abincinta da magungunanta daga sama jiragen Dakota ke jefo su da laima. Ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar gaba ɗaya ta jirgin sama. A kogi kuma ana amfani da kwale-kwale da gora da aka ɗaure ta zama abin hawa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ƙananan jirage irin su L-5, masu iya sauka a ɗan filin da aka share a busasshiyar gonar shinkafa, su ɗauki mutum ɗaya. Tafiyar da za ta ci mako a kafaɗa sai ta koma ta awa ɗaya ko biyu. A Afrilun 1944 wani matuƙin Amurka, Laftanar Carter Harman, ya kwaso mutum huɗu daga bayan layin Japanawa da jirgi mai saukar ungulu, karon farko da aka yi irin wannan ceto a fagen yaƙi. Da damina ta lalata filayen sauka na Chindit, jirage biyu masu sauka a kan ruwa suka riƙa sauka a tafkin Indawgyi, suka kwashe sama da mutum 500.

Alamar jan kuros ba ta kare su ba?

A Burma ba a dogara da ita. Tun a Fabrairun 1942 labari ya bazu cewa sojojin Japan sun karkashe ma'aikata da majinyata a asibitin Alexandra na Singafo. A daren 7 ga Fabrairun 1944, a Sinzweya da ke Arakan, suka faɗa wa wata babbar tashar ɗaurin rauni suka kashe mutum 35, likitoci da diresoshi da majinyata a kan gadajensu. A Kohima, wani gari a Indiya kusa da iyakar Burma da Japanawa suka yi wa ƙawanya cikin Afrilun wannan shekarar, wurin ya yi ƙunci har majinyata na kwance a ramuka igwa na faɗo musu, wasu aka sake jikkata su karo na biyu da na uku. Saboda haka aka riƙa ɓoye tashoshin jinya a tsakiyar sansani, ma'aikatan lafiya da yawa kuma suka ajiye farin ƙyallen da ke hannunsu, don ya zama abin saiti.

Akwai ɗan Najeriya mai wannan aiki da aka san labarinsa?

Akwai Isaac Fadoyebo, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16 aka sa shi aikin jinya. A farkon Maris na 1944 rukuninsu na gangarawa kogin Kaladan a kan gora, Japanawa suka buɗe musu wuta da safe daga ɗaya gaɓar. Harsashi ya farfasa masa ƙashin ƙafar dama, aka bar shi a cikin gawawwaki. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, suka rayu a ɓoye wata tara. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ciyar da su, daga baya ya shigar da su gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gane, kashe shi za su yi. Mai jinyar soja ya koma majinyacin talakan ƙauye, ba allura ba asibiti. An ceto su a Disambar 1944. Fadoyebo ya dawo gida da ɗingishi, ya rubuta labarinsa, ya rasu a 2012.

Ana barin wanda ba ya iya tafiya?

An yi. A kutsen Chindit na farko a 1943 ba hanyar kwashe kowa, don haka wanda ya kasa tafiya akan bar shi a ƙauye ko gindin bishiya da ruwa da harsashi. A na 1944 jirage sun rage wannan, amma ba su kawar da shi ba. Kwamandan birged ta 111 ta Chindit, John Masters, ya rubuta da hannunsa cewa lokacin da suke janyewa daga sansanin Blackpool a watan Mayu, ya ba da umarni a harbe mutum 19 da likita ya tabbatar ba za su rayu ba, don kada su faɗa hannun Japanawa, don kuma masu ɗauka su ɗauki waɗanda ake sa ran za su tashi. Da aka duba lafiyar wannan birged a watan Yuli, cikin mutum kusan 2,200 waɗanda aka samu da sauran ƙarfin yaƙi ba su kai 120 ba.

Su Japanawan fa, yaya nasu ma'aikatan lafiya suka yi?

Sun fi kowa shan wuya. Janar Mutaguchi ya tura sojoji wajen 85,000 zuwa Imphal da Kohima a Indiya da guzurin 'yan makonni, da nufin su ci daga rumbunan Birtaniya in sun kama su. Ba su kama ba, damina ta sauka. Fiye da 50,000 suka mutu ko suka jikkata ko suka kwanta, akasari saboda yunwa da atini da zazzaɓi, har su da kansu suka sa wa hanyar janyewar suna hanyar ƙasusuwa. Likitocinsu na da ilimi, amma ba magani, ba abinci, ba jirgin kwashe majinyaci. Slim ya lura da wannan, har ya riƙa ci gaba da yaƙi a cikin damina da wuraren sauro da gangan, don ya san nasa mutanen na shan ƙwaya, na abokan gaba ba su da ita.

Kakana ya tafi Burma bai dawo ba. Ina zan nemi sunansa?

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth tana da rumbun sunaye a intanet, kuma kyauta ake bincikawa. Waɗanda suka rasu a asibiti galibi suna da kabari, akwai 'yan Afirka ta Yamma a maƙabartun soja na Chittagong da Maynamati a Bangladesh ta yau. Waɗanda suka faɗi a daji ba a san inda aka binne su ba, sunayensu na cikin kusan 27,000 da aka sassaƙa a ginin tunawa na Taukkyan, kusa da Yangon.

Sai dai a yi shiri da wata wahala. Magatakardan soja kan rubuta sunan mutum ne da garinsu, Musa Kano, Garba Sakkwato, Audu Zariya, da rubutun yadda kunnen Bature ya ji, wasu kuma da sunan aro suka shiga don kada iyaye su hana su. Masu suna iri ɗaya suna da yawa ƙwarai. Lambar soja ce ke rarrabe su, don haka a fara duba tsofaffin takardu da lambobin yabo da ke gida, ko a tambayi dattawa sunan bataliyarsa da shekarar da saƙon rasuwar ya iso.